Salgar Gidan Ɗan'azumi Tela

A shekara ta uku da samun mulkin kai, akwai wani tela mutumin Damagaram a unguwar Kalley ta birnin Yamai, ana ce masa Ɗan'azumi. Rumfarsa tana bakin Babbar Kasuwa, gidansa kuwa yana can cikin lungu, gidan ƙasa mai ɗaki uku da dogonyaro a tsakar gida. Daga shi sai matarsa Hajjo a ciki. 'Ya'ya huɗu Allah ya ba su, uku sun koma tun suna ƙanana, biyu daga ciki gudawa ce ta ɗauke su a damina. Ta farin ce kaɗai ta rayu, Tabawa.

Da yake 'yar fari ce, Ɗan'azumi bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, haka ya tarar iyayensa suna yi. Shekara biyu ke nan da aka yi wa mijinta Isaka, ma'aikacin gidan likita, canjin wurin aiki zuwa Tawa, ya tafi da ita. Tun ran nan Ɗan'azumi bai sake sa ta a ido ba. Hajjo takan yi kukanta a fili ta share hawaye ta ci gaba da daka. Shi ba shi da wannan dama. Sai dai in motar Tawa ta shigo tasha, yakan tsayar da keken ɗinki ya ce zai je neman zare, ya bi ta bakin tashar a hankali yana duban masu sauka.

Da labari ya zo cewa Tabawa tana da ciki, Hajjo ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kowa ya sani. Yarinya takan zo tun cikin yana wata bakwai, ta haihu, ta yi wankan jego na kwana arba'in, wani lokaci ma ta ƙara. Ɗan'azumi ya lissafa a ransa, ya ga wata huɗu ko biyar ke nan zai riƙa jin muryarta ta bayan katanga yana alwala.

Sai ga wasiƙar Isaka. Da boko aka rubuta ta, shi kuwa Ɗan'azumi ajami kaɗai ya iya, don haka ya kai wa mai karanta wasiƙu a bakin gidan waya. Mutumin irin masu ɗaga muryar nan ne, ga mutane a layi suna jira.

"Bayan gaisuwa mai yawa, Baba," in ji mai karatu, "ina roƙo kada a ɗauki maganata raini. Na san al'ada, kuma ina son a bi ta. Amma na ga salgar gidan lokacin da na zo sallama. Bakinta ya zabga, tana dab da randunan ruwa, ƙudaje daga can sai kan akushi. A nan gidan likita kullum ina ganin abin da wannan yake yi wa jarirai. In tana nan yadda na bar ta, ba zan iya kawo iyalina ba, sai dai Inna ta zo nan Tawa ta yi mata wankan."

Wani a layi ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ɗan'azumi ya karɓi takardarsa ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu. A hanya ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa, don yaron bai yi ƙarya ba. Salgar ma ta fi yadda ya bar ta lalacewa, daminar bara ta cinye gefe guda, da itace aka tokare ta. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ƙarshen wasiƙar. In Hajjo ta tafi Tawa, ita za ta ga yarinyar, ita za ta ɗauki jika. Uba ba ya bin 'yarsa gidan miji zaman jego. Shi zai zauna a Kalley da keken ɗinki.

Washegari ya nemo Yakuba magini, wanda ya yi shekaru yana aiki a gidajen Turawa na unguwar Filato. Yakuba ya zagaya salgar yana toshe hanci da hularsa.

"Malam Tela, wannan ai ba gyara take so ba, jana'iza take so. Mu rufe ta mu yi mata addu'a."

"To a haƙa wata."

"In ka haƙa irinta, shekara biyar ka dawo inda kake. Surukin naka ɗan boko ne, ko? Yi masa fos irin ta Filato, ya zo ya rasa abin cewa."

Ɗan'azumi bai san mene ne fos ba, Yakuba ya zana masa a ƙasa da tsinke. Rami ne da ake ginawa da bulo da siminti, a raba shi ɗaki biyu, a rufe da murfi. Ƙazanta takan faɗa ɗakin farko ta kwanta, ruwan sama-sama ya tsallaka na biyu, daga nan ya bi bututu zuwa wani rami cike da duwatsu, ƙasa ta shanye. Ga kuma dogon bututu da ke fitar da iska sama da rufin ɗaki. Wanda ya shiga ya gama, sai ya bi da ruwa rabin bokiti.

Aka yi sati uku ana aiki. Aka cike tsohuwar salga da ƙasa, aka haƙa sabuwa a can kusurwar yamma, nesa da randuna da madafa. Ɗan'azumi ya daina zuwa rumfa da safe. Yana tsaye bakin rami da babbar rigarsa yana tambaya, wannan bulon bai karkace ba? Simintin nan ya isa? Har Yakuba ya ce, "Malam, ni na taɓa zuwa rumfarka na ce wuyan riga ya karkace?"

Ranar da aka gama, Yakuba ya wanke hannu, suka zauna a zaure su biyu, ya rage murya.

"Yanzu ka saurara, don ginin ba shi ne aikin ba. Cikin ramin nan akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke cinye ƙazantar, su mai da ita ruwa. In suna raye, shekara da shekaru ba ka jin wari, ba ka yashewa. In suka mutu, ka gina wa kanka tukunyar masifa. Saboda haka ban da toka. Ban da karezil, maganin warin nan na kanti. Ban da tsumma, ban da ruwan sabulu. Ruwa zalla. Ka faɗa wa mutanen gida."

"Zan faɗa," in ji Ɗan'azumi.

Bai faɗa ba. Ya shiga cikin gida da niyya, ya tarar Hajjo tana tankaɗe, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Shekara ashirin da shida suna tare bai taɓa yi mata zancen abin da ake yi a bayan gida ba, ita ma haka. Ta ina zai fara? Ya ce a ransa gobe. Gobe ta zo, ya ce ai mace ce mai hankali, za ta gane da kanta. Ya je gidan waya ya sa aka rubuta wa Isaka cewa an yi sabuwar salga irin ta Filato. Amsa ta zo cewa Isaka zai shigo Yamai ɗaukar magunguna ƙarshen wata, zai biyo ya gaishe su.

Ita kuwa Hajjo, tun tana budurwa uwarta ta koya mata yadda ake riƙon salga: toka kowace safiya, karezil ranar Juma'a. Yanzu ga sabuwa fes, ga 'yarta na tafe, sai ta ninka. Tokar murhu duka can take kai ta, karezil kuwa ba ta jiran Juma'a.

Ana cikin tsakiyar bazara, zafin Yamai na narka mutum, sai wari ya fara. Da farko Ɗan'azumi ya ɗauka daga lungu yake. Kwana biyu ya gane daga gidansa ne. Ruwa ya daina wucewa da sauri, in an zuba sai ya tsaya yana kallon mutum. Hajjo da ta ji wari sai ta ƙara karezil. Saura kwana tara Isaka ya iso, Ɗan'azumi ya je ya ɗauko Yakuba daga wani aiki a unguwar Yantala.

Yakuba ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya zura sanda ya zaro. Toka ta yi kauri a jikinta kamar kunun da ya kwana. Ya sunsuna iska, ya dubi Ɗan'azumi.

"Malam Tela, ka faɗa wa mutanen gida?"

Ɗan'azumi ya dubi ƙasa.

"Ka kashe su," in ji Yakuba. "Duka. Ko na shaida ba ka bari ba."

Hajjo tana bayan tabarmar ƙofar ɗakinta, tana ji. Ba ta saba magana da baƙon namiji ba, amma ran nan ta yi, daga inda take.

"Wa aka kashe a gidana?"

Yakuba ya juya baya ga ƙofar don ladabi, ya maimaita duk abin da ya faɗa a zaure, yana fuskantar katanga.

"Malam," in ji Hajjo, "wata guda kana kallona ina ɗaukar toka ina wucewa ta gabanka."

"Na ɗauka shara za ki kai."

"Shara a bayan gida? Kai dai ka ce kunya ta hana ka. To ga kunya nan ta cika gida, har maƙwabta suna shaƙa."

Yakuba ya ce akwai magani, amma ba na rana ɗaya ba ne. Za a kwashe abin da ke ciki, a ɗauraye, a cika da ruwa. Sannan a samo kashin shanu ɗanye, na safiyar ranar, bokiti biyu, a dama a zuba. Halittun nan suna cikinsa, daga nan za su hayayyafa. Sai dai kafin su kama aiki sosai za a yi sati uku, kuma kafin nan wari ba zai ɗauke duka ba.

"Sati uku," in ji Ɗan'azumi. "Kwana tara gare ni."

"Ba ni na halicce su ba, Malam."

Hajjo ta sake magana daga bayan tabarma. "Tambaye shi, ruwan jego fa? Tukunya biyu safe, biyu yamma, tafasasshe, da ganye, kwana arba'in. In ya bi ta ramin nan, 'yan halittun nasa ba dahuwa za su yi ba?"

Yakuba ya dafe kai. A gidajen Filato ba a wankan jego, bai taɓa tunanin abin ba. Ya ce gaskiyar Hajjo ce, dole a haƙa wa wurin wanka raminsa dabam, a cika da duwatsu, kada ko ɗigo ya haɗu da fos.

Aka kwashe ramin a kwana biyu. Kashin shanu kuwa, Ɗan'azumi ya ƙi aiken kowa. Garken da ya sani yana hayin kogi, wajen Kirkissoye, inda Fulani ke kwana da shanunsu. Ya yi asubanci da bokiti biyu, ya shiga jirgin wani Bazabarme ya haye. Matar da ya tarar tana tatsa ta dube shi, ta dubi rigarsa mai aiki a wuya, ta ce ya ɗiba ko nawa yake so, amma ta kira 'yar'uwarta ta zo ta gani.

A dawowa jirgin ya cika da mata masu kai nono da kayan lambu kasuwa. Kowa ya ja tsummansa ya matsa, aka bar shi shi kaɗai a tsakiya da bokitansa.

"Kai Bahaushe," in ji mai jirgi da Hausarsa ta Zabarmawa, "goro kun sayar, atamfa kun sayar. Yanzu har wannan? Nawa mudu?"

Mata suka kwashe da dariya.

"Ba na sayarwa ba ne."

"To miya za a yi?"

"Baƙuwa zan yi," in ji Ɗan'azumi.

"Wallahi in ni ne baƙon nan, a tasha zan kwana."

Shi ma sai da ya murmusa. Ya riƙe bakin bokitan da hannu biyu kada su fantsama. Rana ta fara hawa, ruwan kogin ya ja baya saboda bazara, ga tsibiran yashi sun fito. Ya tuna wata shekara da ya kawo Hajjo wanki nan bakin ruwa, yarinyar tana da shekara huɗu, ta ruga cikin ruwa har gwiwa, ya fizgo ta da hannu ɗaya. Bai sake ta ba sai da suka kai tudu, kuma ba wanda ya ce masa komai, don tsoro ne ya sa. Iyakar riƙon da ya tuna ya yi mata ke nan.

Aka dama, aka zuba, aka rufe. Aka haƙa ramin ruwan wanka. Wari ya ragu amma bai tafi ba, musamman da azahar in iska ta kwanta.

Ranar da Isaka zai zo, da hantsi, Hajjo ta fito da kwalbar karezil daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gaban mijinta.

"Rabin kwalba. Na yau kaɗai. Ya shigo ya ji gida na ƙamshin gidan likita, ya koma ya kawo mini 'yata. In ya tafi ka koma wa Fulaninka."

Ɗan'azumi ya ɗauki kwalbar. Ya san dabarar za ta ci. Isaka da warin karezil yake yini a wurin aiki, shi ne tsabta a hancinsa. Ya juya kwalbar a hannu, har ya taɓa murfin.

"In na zuba, mun koma farko," ya ce. "Sati uku daga ranar da na sake hayewa. Kafin nan ruwa ya sauka, ramin ya cika bai kama aiki ba, ga jariri a gida."

"In kuma ya ji wari ya ce a'a fa?"

Ɗan'azumi ya kau da kai. Yana kallon gindin dogonyaro, inda a da ake shimfiɗa wa yaransu da suka koma tabarma. Hajjo ta bi idonsa. Can ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar, ta mai da ita ɗaki.

Isaka ya iso bayan azahar, a lokacin da ya fi kowane muni. Ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa ya gaida surukinsa, kai a sunkuye. Aka kawo masa fura. Ɗan'azumi yana lura da shi, ya ga lokacin da hancinsa ya motsa, ya ga kuma yadda yaron ya yi kamar bai ji ba. Wannan ya fi masa zafi.

"Ka ji, ko?" in ji Ɗan'azumi. "Kada ka ɓoye. Taso ka gani."

A tsaye bakin ramin ya faɗa masa komai, da tokar, da karezil, da maganar da ya kasa faɗa wa matarsa, da bokiti biyu daga Kirkissoye. Bai taɓa yin doguwar magana haka da surukinsa ba, kuma ga abin da maganar ta faɗa a kai. Gumi yana bin wuyansa.

Isaka ya naɗe hannun riga, ya ɗaga murfin da kansa, ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Wata kumfa mai kauri ta fara taruwa a saman ruwan, tana ɗan motsi.

"Baba, da kanku kuka haye kogi?"

"Wa zan aika?"

Isaka ya mai da murfi. Ya bi bututu da ido har inda ya shige ƙasa, ya auna nisan wurin da randuna da taku. Ya nuna ɗaya ramin. "Wannan fa?"

"Na ruwan jego ne. Dabarar uwarta ce."

"Ko a gidan likitanmu ba a raba su ba," in ji Isaka a hankali. Ya wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa. "Ya kama, Baba. Kumfar nan ita ce alama. Amma ba zan kawo ta cikin wannan iska ba, amai take yi da ƙaramin abu. Nan da sati uku zan sako ta a mota. Sai dai ku taya mu addu'a kada ruwa ya riga mu. In hanya ta jiƙe, ba zan ɗora mai ciki wata takwas a kanta ba."

Duk Yamai ana roƙon ruwa, masu gona sun yi shara suna jira, liman yana addu'a bayan kowace salla. Ɗan'azumi yana ɗaga hannu tare da jama'a yana cewa amin, a ransa yana ƙarawa, amma bayan sati uku, ya Ubangiji. Sai kuma ya ji kunyar Allah ya yi istigfari. Kowace yamma yakan fito ƙofar gida ya dubi gabas. A rana ta goma sha biyu da tafiyar Isaka hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe waɗansu rumfunan kasuwa, ya zauna a zaure bai ci tuwo ba. Aka yi yayyafi kaɗan, hadarin ya wuce hayi.

Wari kuwa yana ja da baya kullum. Hajjo ta ɗauki aikin kamar rainon jariri. Ta ajiye tulu da bokiti a bakin ƙofar, ta rataye gwangwani don tsumma, duk maƙwabciyar da ta shigo ta nemi zagayawa sai ta bi ta da gargaɗi har ƙofa. Wata safiya Ɗan'azumi ya tsaya a tsakar gida ya ja numfashi, bai ji komai ba sai hayaƙin murhu da furen dogonyaro.

A rana ta ashirin da uku, da la'asar, yana kan keke a rumfa aka zo aka ce masa motar Tawa ta shigo. Bai je tasha ba. Ya rufe rumfa ya tafi gida ya zauna a zaure da carbi, kamar mai hutawa.

Ya ji muryar mai ɗaukar kaya a lungu, sannan ya ji sallama. Ta shigo a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta yi nauyi, fuskarta ta cika, jar ƙasar hanya har gira. Ta yi ƙoƙarin durƙusawa.

"Bari, bari," ya ce. "Kun sha hanya?"

"Mun sha, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Shiga, uwarki na ciki."

Ta wuce. Ya ji guɗar Hajjo, ya ji kuka da dariya sun haɗu, ya ji ana jan tabarma. Carbin yana hannunsa, ya manta inda ya tsaya. Can cikin hayaniyar ya ji muryar 'yarsa sarai ta bayan katanga.

"Inna, bari tukuna, ina buta? Tun Dosso nake riƙe da kaina."

"Ga ta can, kusurwar yamma. Tsaya in faɗa miki, ruwa zalla ake zubawa, kin ji? Rabin bokiti."

Ɗan'azumi ya kasa kunne. Aka ɗan jima, ya ji an kwara ruwa, ya ji ya wuce zar, bai tsaya ba. Ya miƙe ya leƙa lungu ya kira mai tallan nama, ya ce a yanko masa na tsire mai yawa, yau gidan da mutane.